Dawakin tuddan Ingila da ke ramewa a ƙarshen sanyi: na wa ne, kuma wa ke da alhakinsu?

Bashir_Kofar_Mata:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk shekara, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sai hotunan ƙananan dawakin nan da ke kiwon sake a tuddan Bodmin da Dartmoor na kudu maso yammacin Ingila su fara yawo: haƙarƙari a waje, ƙashin ƙugu a tsaye, goɗiya na jan ƙafa duƙushi na biye da ita. Ƙasa ce mai dokar kula da dabbobi ta 2006, kuma daga 2021 ana iya ɗaure mai zaluntar dabba har shekara 5. To dawakin nan na daji ne ko suna da masu su? In suna da masu su, me ya hana a kama su? In kuma yunwa ce kawai, ni a ganina maganin bai wuce a riƙa zuba musu busasshiyar ciyawa na wata 3 ba har sabuwa ta fito. Masana ku warware mana.

Malam_Sani_Lauya:
Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Ba na daji ba ne. A doka kowane ɗaya dukiyar wani ne, ko da hannun mutum bai taɓa sauka a bayansa ba. Tuddan nan hurumi ne: ƙasar tana da mai ita, amma gonakin da ke kewaye suna da haƙƙin sakin dabbobi a kanta, kuma haƙƙin yana bin gona ne, in an sayar da ita ya bi sabon mai ita.

Tsohuwar ƙa'idarsu tana da hikima ƙwarai. Ba za ka saki dabbobi a hurumi fiye da adadin da gonarka za ta iya ciyarwa a lokacin sanyi ba. Wato duk wanda ya saki doki, yana da inda zai mayar da shi in tudu ya ƙi. Dokar rajistar hurumi ta 1965 ce ta ce kowa ya rubuta adadinsa, mutane da yawa suka rubuta fiye da abin da gonarsu ke ɗauka, aka kuma tabbatar musu. Daga nan igiyar da ta ɗaure yawan dabba da abincin sanyi ta tsinke. Dartmoor ta samu majalisar masu haƙƙin kiwo a ƙarƙashin dokar 1985, mai ikon sa a sauko da dabbar da ta lalace. Bodmin kuwa sai wajen 2016 tata majalisar ta fara aiki, shi ya sa ɓarnar ta fi daɗewa a can.

Dakta_Hauwa:
Malam Bashir, ba yunwa kaɗai ba ce, abubuwa uku ne ke haɗuwa a kan goɗiya a lokaci guda.

Ciyawar da ta fi yawa a dausayin tuddan, wadda masana ke kira Molinia, tana da amfani daga Mayu zuwa Agusta, sannan ta bushe ta zama fara, babu komai a cikinta. Sauran ciyayi kuma ba sa tsiro sai ƙasa ta haura digiri 5 ko 6, abin da kan kai Afrilu a saman tudu. Ƙasar mai tsami ce, a kan dutse take, tana da ƙarancin sinadarai irin su kofa da seleniyam.

Sai ciki. Goɗiya na ɗaukar ciki kusan kwana 340, kuma kwana 7 zuwa 10 bayan haihuwa tana iya sake karɓar namiji. In ingarma yana tare da su duk shekara, ga ta da ciki, ga na bara yana tsotso in ba a yaye shi ba. Kusan kashi 2 cikin 3 na girman ɗan tayi a wata 3 na ƙarshe yake faruwa, daidai lokacin da tudu ya fi bushewa. Da ta haihu kuma, buƙatarta ta abinci ta kusa ninkawa saboda nono.

Na ukun shi ne mai kisa: ƙananan jajayen tsutsotsin hanji. 'Ya'yan tsutsar suna shiga bangon babban hanji su kwanta a ciki watanni. A ƙarshen sanyi sai su fasa su fito a tare, dubbai. Bangon hanjin ya kumbura, furotin ya riƙa zuba, dabba ta fara zawo, ruwa ya taru a ƙarƙashin ciki da ƙafafu, ta rame cikin mako 2. In ya kai wannan matakin, kusan rabi suna mutuwa ko da magani. Irin wannan dokin ko ka tara masa ciyawa ya ci ya ƙoshi, ramewa zai ci gaba da yi.

Ummu_Khalil:
Dakta, ai ana duba kashin dabba a gane tsutsa. Me ya hana su yi?

Dakta_Hauwa:
Hajiya, gwajin kashi ƙwai yake ƙirgawa, manyan tsutsotsi ne kuma ke yin ƙwai. Waɗanda ke kwance a bangon hanji ba sa yi, don haka sakamako na iya fitowa tas alhali hanjin cike yake. Tun 2019 akwai gwajin jini da ke nuna su, amma sai an kama dabbar an ɗebi jinin. Maganin tsutsa na ivermectin ba ya kashe na cikin bango. Moxidectin ke yi, miligiram 0.4 kan kowane kilo, sau ɗaya, a ƙarshen kaka kafin su fito. Fenbendazole na kwana 5 a jere ya kan yi a da, yanzu tsutsar ta fi ƙarfinsa a wurare da yawa. A kiyaye: moxidectin a kitse yake zama, don haka ramammiyar dabba tana iya shan guba da shi, ba a kuma ba duƙushin da bai kai wata 4 ba. Dole a san nauyi. In babu sikeli, a auna kewayen ƙirji da santimita, a ninka shi da kansa, a ninka da tsawon jiki daga kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, a raba da 11,877.

Sarkin_Barga_Katsina:
Allah ya saka, Dakta. Ni abin da zan ƙara shi ne hoto ba ya auna doki, ta kowace fuska. Gashin sanyi na waɗannan dawakin yana da kauri, sai ka hango shi daga nesa kamar lafiyayye, ka sa hannu ka ji ƙashi. Ƙaton ciki ma yana ruɗin mutane, alhali tumbi ne na ciyawa mara kyau ko tsutsa, bayan kuwa ya zube. A Ingila ma'aunin ƙibar jiki na 0 zuwa 5 suka fi amfani da shi. Wuri uku ake taɓawa: wuya a gindin geza, haƙarƙari da gadon baya, sai ɗuwawu da gindin wutsiya. A 3, kana jin haƙarƙari in ka danna amma ba ka ganinsa, ɗuwawu a zagaye. A 2, haƙarƙari ya fara bayyana, ɗuwawu ya baje. A 1, wuya ya lotsa, ƙashin baya ya fito, akwai rami a ƙarƙashin wutsiya. Dokin da ya shiga sanyi a 3 da rabi ya fito a 2, haka tsarinsa yake. Wanda ya shiga Disamba a 2, wannan ba zai ga Afrilu a tsaye ba in an bar shi a sama.

A buɗe baki kuma. Tsohuwar goɗiya da turamenta suka lalace za ka ga tana tauna ciyawa tana zubar da ita a dunƙule. Ita kam ranar saukowarta ta zo.

Abu_Yasir_Zinder:
Ni dai ina bayan Malam Bashir. Duk bayanin nan gaskiya ne, amma dabba mai jin yunwa a ba ta abinci tukuna, a yi muhawarar doka daga baya. Ƙuru mai kilo 250 kilo 4 zuwa 5 na busasshiyar ciyawa kawai yake buƙata a rana. Wannan har wani abu ne?

Injiniya_Rabi:
Lissafinka daidai ne, ɗan'uwa, amma ninka shi. Dawaki 100, kilo 5, kwana 90: tan 45 ke nan, a wurin da mota ke nutsewa a laka. Sannan yadda ake zubawa yana da nasa sharrin. In ka jibge dami ɗaya, manya masu ƙarfi ne za su tsaya a kai, su harbi raunana su kore su, wanda aka kawo abincin dominsa ya koma gefe. Sai an rarraba tsibi-tsibi, adadin tsibin ya fi adadin dawakin, da tazarar da doki ɗaya ba zai tsare biyu ba. In an maimaita wuri ɗaya, kofato ya dame shi ya zama taɓo, kashi ya taru, tsutsa ta ƙaru a daidai inda suke cin abinci. Dawakin kuma su daina yawon neman ƙayar gorse da ke riƙe su a sanyi, su tsaya jiran mota a bakin titi. Yawancin tuddan ma wurare ne da doka ta keɓe saboda tsirrai da tsuntsayensu, ba a zuba abincin dabba sai da izini.

Ga kuma ragwort, wani tsiro mai rawayan fure. Ɗanye yana da ɗaci, doki na ƙyale shi in yana da zaɓi. In ya bushe a cikin dami ɗacin ya tafi, gubar tana nan, tana cin hanta a hankali ba ta warkewa. Ciyawa mai araha da aka kawo don taimako tana iya zama ajali.

Dakta_Hauwa:
Abu Yasir, akwai inda abincin kansa ke kashewa, kuma masu tausayi ne suka fi faɗawa wannan. Dokin da ya daɗe cikin yunwa, in aka ba shi hatsi ko dusa ya cika ciki, sukari ya hau, insulin ya hau, sai fosfet da potasiyam da magniziyam su bar jini su ruga cikin ƙwayoyin jiki. Cikin kwana 3 zuwa 5 zuciya da numfashi su gaza. Tsarin da likitocin jami'ar California da ke Davis suka fitar shi ne: babban doki a ba shi kusan rabin kilo na ganyen alfalfa duk awa 4 na kwana 3 na farko, sannan a riƙa ƙara yawa ana rage sau nawa har kwana 10, ba hatsi ko ƙwaya. Ƙuru mai rabin nauyin, rabin wannan. Kafin jiki ya dawo sosai sai wata 3 zuwa 5. Ka ga wannan ba aikin da za a yi a saman tudu ba ne, sai a barga, da mai tashi cikin dare.

Wani haɗarin na ƙananan dawaki, wanda jakunanmu ma ke yi: goɗiya mai ciki ko mai shayarwa in ta firgita da kamu ta ƙi cin abinci kwana 2, kitse ya malalo cikin jini ya toshe hanta. Shi ya sa ake sauko da ita tare da wadda ta saba da ita, ba ita kaɗai ba.

Bashir_Kofar_Mata:
Na ji batun abinci. To mu koma tambayar farko. Tunda suna da masu su, me ya sa ba a gurfanar da kowa?

Malam_Sani_Lauya:
Saboda sai ka nuna wa kotu na wane ne. Dokar 2006 ta ɗora wa mai dabba nauyin abinci, muhalli da lafiyarta, ta kuma ba jami'i ikon ɗauke dabba in likita ya shaida tana wahala. Amma matacciyar goɗiya a bakin rafi, ba shaida a jikinta, kowa zai ce ba tasa ba ce. A Ingila kowane doki sai da fasfo da ƙwayar shaida ta lantarki, wadda likita ke sawa da allura a jijiyar wuya ta gefen hagu, mai lamba 15. Daga Oktoba 2020 har tsofaffin dawaki ya hau kansu. Sai dai an yi rangwame ga Dartmoor, Exmoor, New Forest da Wicken Fen: dawakin sake na can ba sai an sa musu ba, sai ranar da za su bar wurin ko za a yi musu magani. Bodmin ba ta cikin rangwamen, amma shekaru ba a bi dokar ba. Bayan mace-macen da aka gani a yankin East Moor a 2016, ƙungiyar Redwings da wasu ƙungiyoyin agajin dawaki suka haɗu da majalisar hurumin, aka tattaro dawakin, aka sa wa waɗanda masu su suka fito ƙwayar shaida, waɗanda ba mai su kuma aka kwashe su.

Sarkin_Barga_Katsina:
Ranka ya daɗe, ƙwayar nan tana da aibi ɗaya babba. Na'urar karanta ta sai ta kusa taɓa wuya. Dokin da ba ya bari a matso shi taku 20, ta yaya? Shaidar wuta kuwa da tabarau mai jawo nesa ake karanta ta, a kira mai dabba a ranar.

Dakta_Hauwa:
Baba Sarki, hujjar da masu kiwon Exmoor da New Forest ke bayarwa ke nan, shi ya sa har yanzu ba a hana ba a Ingila da Wales, ko da yake Scotland ta hana tun 2010. Amma ƙuna ce mai zurfi, tana ciwo kwanaki, kuma a ƙarƙashin gashin sanyi sau da yawa lambar ba ta karantuwa, a daidai watannin da ake buƙatarta. Ni na fi son ƙwaya a wuya, da abin wuya mai ƙyalli da lamba a kai, wanda zai tsinke in ya maƙale a reshe.

Sarkin_Barga_Katsina:
Wanda zai tsinke in ya maƙale, ai ya tsinke ke nan a watan farko. Ban gamsu ba, 'yata.

Alhaji_Garba_Maradi:
Ku dubi New Forest a Hampshire, don can ma hurumi ne, dawaki wajen 5,000, amma ba a cika jin irin wannan kukan ba. Suna da kotun hurumi da dokar 1877 ta tsara, da ma'aikata 5 masu albashi, kowa da yankinsa, aikinsu zagayawa a kan doki da mota su san kowace dabba. Mai dabba yana biyan kuɗi a kan kowane kai duk shekara, a yanke gashin wutsiya da salon yankin ma'aikacin, alamar an biya. Daga Agusta zuwa Nuwamba ana kora dawakin yanki-yanki zuwa shinge, a duba su, a ba su magani, a raba 'ya'ya. Wadda ta rame, ma'aikaci ya ba da umarni a sauko da ita, ba roƙo ba ne. Mafi muhimmanci, tun farkon shekarun 2000 ingarmu kaɗan zaɓaɓɓu ake saki, na 'yan makonni a Mayu da Yuni, sannan a kwashe su. Haihuwa ta ragu, kuma tana zuwa lokacin da ciyawa ta fito.

Suna da nasu bala'in, 'ya'yan itacen oak da ke zuba a kaka suna lalata ƙodar doki. Maganinsu shi ne sakin aladu aƙalla kwana 60 su cinye.

Injiniya_Rabi:
Alhaji ya taɓo jijiyar. Namiji ne mabuɗin. Duƙushi namiji yana iya ba da ciki tun yana shekara 1 da 'yan watanni, 'yar shekara 1 ma tana ɗauka, ita kanta ba ta gama girma ba. Guda ɗaya da ya kuɓuce a ranar kora ya isa ya rusa shirin makiyaya 10 da suka kwashe nasu, saboda tudun ba shinge tsakanin hurumi da hurumi.

Dakta_Mustapha_Vom:
Hanyoyi uku ake gwadawa, kowace da kuɗinta. Dandaƙa: a doki tiyata ce, likita kaɗai ke yi, da allurar barci da ta tetanus, a tabbatar duka ƙwayayen biyu sun sauko, a yi ta lokacin da ba ƙuda, a tsare shi kwanaki ana duba jini da kumburi. Bayanta ma yana iya ba da ciki har mako 6, kada a mayar da shi cikin mata da wuri. Abin matse jijiya da ake yi wa bijimai da raguna ba a yi wa doki da shi.

Ta biyu, a yanke wa ingarma bututun maniyyi a bar masa ƙwayayensa. Yana nan da halinsa, yana tsare garkensa a yankinsu, yana korar baƙin maza, amma ba ciki. Matsalar ita ce matan suna ta dawowa neman namiji duk mako 3, kuma baƙo ɗaya mai lafiya ya isa.

Ta uku, allurar hana ɗaukar ciki ga mata. A Dartmoor an gwada Improvac, wadda asali don aladu aka yi ta: allura biyu, tazarar kusan mako 4, sannan a riƙa sabuntawa. Wato kamu biyu a wata guda ga dabbar da ake kamawa sau ɗaya a shekara. A Amurka, a tsibirin Assateague, daga 1988 sun shafe shekaru suna harba wata allurar mai suna PZP da bindiga daga nesa, amma can tsibiri ne siriri, an san kowace goɗiya da kamanninta.

Ummu_Khalil:
To 'ya'yan da ake rabawa a kaka, ina suke zuwa?

Alhaji_Garba_Maradi:
Hajiya, nan ne abin ya fi ɗaci. A da masu haƙar ma'adinai da gonaki ke saye. Yanzu ana kai su gwanjon Chagford a Oktoba, na New Forest kuma Beaulieu Road. A shekarun da kasuwa ta faɗi, kuɗin fasfo da ƙwayar shaida sun fi kuɗin duƙushin kansa. Wanda bai samu mai saye ba, wasu a harbe shi, naman ya tafi gidan zoo. A 2014 ƙungiyar masu dawakin tudun Dartmoor ta kawo shawarar a riƙa sayar da naman ga mutane, hujjarsu ita ce dabbar da ke da daraja a shekara 3 za a rene ta har shekara 3, ba a harbe ta tana wata 6 ba. An yi ta cece-kuce, har yau ba a daidaita ba.

Malam_Nura_Gusau:
Mu dai a wajen Imamu Malik ba a cin doki da alfadari da jaki. Amma ko a wajen masu ci, haifar da dabba da gangan alhali ka san ba inda za ta, wannan shi ne abin tambaya. A rage haihuwar tun daga tushe.

Dakta_Mustapha_Vom:
Akwai abin da ba a ambata ba, ruwan sama. Princetown a tsakiyar Dartmoor tana samun wajen milimita 2,000 a shekara. Busasshen sanyi ba ya damun dawakin nan, jiƙa da iska ne ke cinye kitsensu. In fata ta daɗe a jiƙe, ƙwayar Dermatophilus congolensis ta kama gadon baya, ita ce dai mai kawo kirci a shanunmu da damina, sai dai a nan kaska ke buɗe mata hanya, a can ruwa. Gashi ya riƙa tuɓewa da ɓawo a gindinsa, rigar da ke tare ruwa ta huje, zafin jiki ya tsere ta nan. Ƙara da ƙwarƙwata, wadda ke yawaita a Fabrairu a jikin ramammu.

Ranar kora kuma a yi hattara da ciwon maƙogwaro mai ƙurji na Streptococcus equi. Zazzaɓi sama da 38.5, majina mai kauri, kumburi a ƙarƙashin muƙamuƙi. Kusan 1 cikin 10 na waɗanda suka warke suna ɓoye ƙwayar a wata jaka da ke bayan maƙogwaro, suna yaɗawa ba alama. Ka tara garke 5 a shinge ɗaya da kwamin ruwa ɗaya, ka raba wa tudu duka.

Zainab_Muhalli:
Ina jin tsoron kada mai karatu ya fita da cewa mafita ita ce a kwashe dawakin gaba ɗaya. A'a. A Dartmoor wajen 30,000 ne a 1950, yau ba su kai 2,000 ba. Na Exmoor saura kusan 50 suka rage bayan yaƙin duniya na biyu, da ƙyar aka farfaɗo da irin. Su ne ke cin Molinia da ƙaya waɗanda tumaki ke ƙi, suna tattake wani tsiro mai mamaye wuri da ake kira bracken, in babu su tudun ya toshe. Jikinsu kuma na wurin ne: gashi hawa biyu, na ciki mai laushi na waje mai maiƙo, fatar ido mai kauri da ke kau da ruwa, gashi a gindin wutsiya da ke zubar da ruwa gefe. Ka sauko da irin wannan ka sa shi a ciyawar gona mai taki, cikin makonni ya kamu da kumburin cikin kofato, ya kasa taka ƙasa. Kofatonsa ma a kan dutse yake gogewa da kansa.

Da yawa daga waɗanda ke mutuwa ba asalin irin tudu ba ne. An cuɗa su da dawaki masu siririyar fata don a samu roɗi-roɗin da kasuwa ke so, wasu kuma jefar da su aka yi da dare. Ko da yake na asalin ma ba su fi ƙarfin ƙaddara ba: dusar ƙanƙarar Maris 2013 ta kashe da yawa daga dawakin duwatsun Carneddau a arewacin Wales, waɗanda duka-duka wajen 300 ne.

Wani matsin kuma daga tsarin tallafin muhalli yake. In an ce makiyayi ya rage kawuna, kuma doki da saniya a ma'auni ɗaya ake lissafa su, saniya zai bari don ita ke kawo kuɗi. Wannan na cikin abin da kwamitin David Fursdon ya duba a rahotonsa kan Dartmoor a Disamba 2023.

Malam_Sani_Lauya:
Batun jefarwa da Malama Zainab ta kawo shi ne ciwon hurumin Gelligaer da Merthyr a kudancin Wales, inda dawakin da ba mai su suka hayayyafa. Wales ta yi doka a 2014 da ta ba ƙaramar hukuma ikon kama dokin da aka saki ba izini, in kwana 7 suka wuce ba wanda ya fito, ta sayar, ta bayar ko ta kashe. Ingila ta bi a 2015, ta ba mai ƙasa ma wannan ikon, a sanar da 'yan sanda cikin awa 24, wa'adin kuma awa 96 na ranakun aiki maimakon kwana 14 na da. Iko dai akwai. Kuɗin kamu, likita da wurin ajiya ne babu mai son ɗauka, gidajen agajin kuma a cike suke.

Abu_Yasir_Zinder:
To wanda ya je yawon buɗe ido ya ga ramammiya, ya wuce ke nan?

Injiniya_Rabi:
Kada ya wuce, kada kuma ya ba ta komai. Ya ɗauki hoto daga gefe da daga baya, ya rubuta launi, shaida in akwai, ko da duƙushi, ya ɗauki lambar wurin a wayarsa, ya kira jami'in kula da dabbobin hurumin. Dartmoor tana da irin wannan jami'in. Karas da burodi daga tagar mota su ke koya wa dawaki tsayuwa a titi, ga shi titunan ba shinge, iyakar gudu mil 40 ce amma ba kowa ke bi ba. Yankakkiyar ciyawar lambu kuwa tana tsami a ciki, doki ba ya amai, murɗar ciki ta kashe shi. A New Forest tun Yuli 2023 tarar fam 100 ce ga mai ciyarwa ko shafa su, tana iya kai 1,000 a kotu.

Bashir_Kofar_Mata:
Na karanta duka. Abin da har yanzu ban samu amsarsa ba: kora a kaka ake yi, lokacin da kowace dabba ke da ƙiba, mutuwa kuma a Maris. Wa ke taɓa haƙarƙarinsu a tsakani?

Dakta_Hauwa:
Tambayar ke nan, Malam Bashir. Ni zan so a yi kora ta biyu a tsakiyar Janairu. A kafa shingen ƙarfe na tafi-da-gidanka mai baki kamar mazurari, ya ƙare a siririn lungu da doki ɗaya ke bi, gefensa a rufe don kada ƙafa ta shiga. A taɓa kowace, a karanta ƙwayarta, duk wadda ke 2 ko ƙasa ta sauka gonar mai ita, duk duƙushin da ke tsotso har lokacin a raba shi da uwar.

Sarkin_Barga_Katsina:
A Janairu, Dakta? Goɗiya mai cikin wata 8, a kora ta da babura masu ƙafa huɗu a kan laka da ƙanƙara, rana gajeriya, hazo na sauka ba sallama? Za a yi ɓari, za a karya ƙafa, raunanan da ake nema su ne za su faɗi a hanya. A yaye 'ya'ya duka a korar kaka, a sauko da tsofaffi da masu cikin fari tun lokacin. Sauran kuma mai su ya hau ya gan su duk mako, wadda ta fara zubewa a janyo ta da ɗan abinci zuwa ƙaramin shinge ita da abokiyarta, a hankali, ko da zai ɗauki kwana 5.

Dakta_Hauwa:
Wannan yana yi in mai su yana hawa, Baba. Waɗanda muke magana a kansu su ne na wanda ba ya hawa.

Alhaji_Garba_Maradi:
Shi ya sa na kawo ma'aikatan New Forest. Sai dai dawaki da shanu dubbai ne ke biyan kuɗin kai a can, da tallafi a sama. Malam Sani, majalisar Bodmin tana da ikon sa irin wannan kuɗin a kan kowane doki, ko sai masu haƙƙin sun amince tukuna?